Kafin a Rubuta Layin Farko: Sharuɗɗan Shiga Gasar Bayanan Wasanni da Ƙirƙirarriyar Basira



An nemi in yi magana a kan gasannin da ake ba masu rubuta manhaja bayanan wasanni, a ce su gina abin da zai yi hasashe ko ya fito da wata fahimta sabuwa. Na san da yawanku kun zo ne ku ji dabarun cin gasa. Ni kuwa shafin da kowa ke tsallakewa na zo da shi, wato shafin ƙa'idoji, wanda ake danna "na amince" a ƙarƙashinsa ba tare da an karanta ko layi ɗaya ba. Wannan dannawar sa hannu ce a kan yarjejeniya, kuma da ita za a yi maka hukunci ranar da ka yi nasara.

Bari in ɗauki misali guda mu bi shi. Hukumar NFL, mai shirya gasar ƙwallon Amurka, wadda ta yi kama da zari-ruga, tana da gasar shekara-shekara mai suna Big Data Bowl, ana yin ta a dandalin Kaggle, wanda aka kafa a 2010, Google ya saye shi a 2017. A cikin sulken kafaɗar kowane ɗan wasa akwai 'yar na'ura da ke nuna inda yake a fili sau goma a kowace daƙiƙa. Wani yanki na waɗannan bayanai ake sakar wa jama'a. A gasar 2020 tambayar ita ce: da zarar an miƙa wa mai gudu ƙwallo, yadi nawa zai ci kafin a kayar da shi? Mutum biyu mazauna Ostiriya, Philipp Singer da Dmitry Gordeev, su suka lashe, alhali ba su tashi da wasan ba, kuma daga baya NFL ta ɗora ma'auninta na yadin da ake sa ran mai gudu zai ci a kan aikinsu. Na kawo wannan ne don ku san ƙofar a buɗe take ga wanda bai taɓa taka Amurka ba. Amma akwai mai gadi a bakinta.

Tambayar farko ta mai gadin ita ce shekaru. A galibin gasannin Kaggle sai mutum ya kai 18, ko shekarun balaga a dokar ƙasarsa in sun fi haka, sai fa in masu gasa sun yarda da izinin iyaye. Ma'aikatan masu ɗaukar nauyin gasa kuma, ko an bar su sun shiga, ba a ba su kyauta. Waɗannan ba su da gardama.

Wadda ke da nauyi ita ce ta mazauni. Kaggle kamfanin Amurka ne, dokar takunkumin Amurka ta hau kansa, don haka ƙa'idojin sukan hana mazauna ƙasashe irin su Kuba, Iran da Koriya ta Arewa, da yankin Kirimiya. Shekarun baya har sunan Sudan yana cikin jerin, ƙasar da ke da ɗimbin Hausawa 'yan'uwanmu. A ganina zalunci ne a rufe wa yaro mai hazaƙa ƙofa saboda rikicin gwamnatoci da ba shi da hannu a ciki, kuma ba zan fasa faɗin haka ba. Duk da haka ba na ba kowa shawarar ya ɓoye inda yake zaune. Ranar karɓar kyauta za a nemi shaidarka da takardun haraji, ƙaryar ta fito, ka rasa kuɗin ka rasa sunan. Jerin yana canzawa, sai a duba na kowace gasa a lokacinta.

Yanzu ga inda yaranmu suka fi faɗawa. Wata rana wani ɗalibina ya same ni a ofis ransa a ɓace, ya miƙo mini wayarsa. Su bakwai ne suka shiga wata gasa, kowa da asusunsa, sai suka buɗe zauren WhatsApp. Na ga saƙonnin da idona: wannan ya turo fayil da ƙarfe biyun dare ya ce a gwada, wancan ya canza lamba ɗaya ya mayar. Da aka rufe gasa aka cire sunayensu gaba ɗaya. Ya ce mini, "Malam, wallahi ba mu saci na kowa ba, taimakon juna muka yi." Na gaskata shi. Mu mun tashi ne da gayya, wanda ya gane karatu ya biya wa na kusa da shi, kuma wannan hali ne mai kyau. Sai dai ƙa'idar ta ce mutum ɗaya asusu ɗaya, kuma haramun ne ka ba wani manhajarka ko bayananka a keɓe matuƙar ba tawagarku ɗaya ba. In kana son rabawa, ka saka a fili inda duk mai gasa zai gani. In kuna son aiki tare, ku yi rajista a matsayin tawaga, wadda galibi ba ta wuce mutum biyar.

Dalilin wannan tsanani lissafi ne. Ana ƙayyade wa kowace tawaga sau nawa za ta miƙa amsa a rana, sau biyar a gasanni da yawa. Duk miƙawa tana dawo maka da maki, kowane maki kuma yana ɗan tona maka asirin amsoshin da aka ɓoye. Mutum bakwai masu raba aiki a ɓoye sun sami gwaji 35 a rana, abokin hamayyarsu na da biyar. Ko ba su yi niyyar ha'inci ba, sun ci haƙƙinsa. Shi ya sa ma in tawagogi biyu za su haɗe, sai an tara gwaje-gwajensu an ga ba su wuce adadin da aka yarda ba.

Gasar wasanni tana da wata matsala da ta keɓanta da ita: wasan da aka riga aka buga, duniya ta san sakamakonsa. Mai son zuciya zai iya nemo amsar a intanet ya cusa ta a manhajarsa. Maganin da masu gasa suka samo shi ne su auna ka da abin da bai faru ba tukuna. A gasar 2020 da na ambata, an rufe karɓar aiki, sannan aka gwada manhajojin a kan wasannin ƙarshen kakar 2019 da aka buga bayan rufewar. Haka gasar March Machine Learning Mania, ta hasashen ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka, wadda ake yi tun 2014: kafin a fara wasannin ake miƙa hasashe. Akwai kuma teburin maki guda biyu, na fili da kowa ke kallo, da na ɓoye wanda sai an gama ake buɗewa, kuma shi ne mai hukunci. Bayanan waje ma an yi musu iyaka, galibi sai waɗanda kowane ɗan gasa zai iya samu. Su kansu bayanan da aka ba ka amana ne, ba ka da ikon raba su ga wanda bai amince da ƙa'idojin ba.

Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wanda ya ci kyauta sai ya miƙa manhajarsa cikakkiya tare da bayanin yadda za a sake fitar da sakamakon, ya ba da lasisin amfani da ita yadda ƙa'ida ta tanada, harajin kuɗin kuma a wuyansa yake. Wannan sharaɗin ne ya tona asirin tawagar da ta zo ta ɗaya a gasar PetFinder ta 2019, wadda ba ta wasanni ba ce, ta hasashen saurin samun masu ɗaukar dabbobin gida ce a Malesiya. Sun kwaso amsoshi daga shafin PetFinder sun ɓoye a cikin manhaja, suka karɓi dala 10,000. Wani da ya zauna yana karanta manhajar don a fara aiki da ita shi ya gano. A Janairun 2020 aka soke nasararsu, aka kori ɗayansu daga dandalin Kaggle har abada, ya kuma rasa aikinsa.

In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. A bugu da dama na Big Data Bowl alƙalai ne ke karanta rahoto su yanke hukunci, an ƙayyade kalmomi 2,000 da zane ko jadawali goma, an kuma ware rukunin ɗaliban digirin farko wanda sai duk 'yan tawaga ɗalibai ne. Dandalin Zindi na Afirka, da aka kafa a 2018, shi ma da nasa sharuɗɗan, wani lokaci a keɓe kyauta ga 'yan wata ƙasa. Ku kuma lura da wa'adi. Ranar rufe shiga da ta haɗe tawaga sukan riga ranar ƙarshe da mako guda, kuma 11:59 na dare agogon UTC da ake rubutawa, 12:59 ne a Najeriya da Nijar, a Gana kuwa daidai yake da agogonsu. Mai fama da ɗaukewar wuta da ƙarewar data kada ya jira daren ƙarshe.

Roƙona ga malamai 'yan'uwana shi ne, duk wanda zai tura ɗalibansa gasa ya ware zama guda a karanta ƙa'idojin a aji, sakin layi bayan sakin layi, a fassara da Hausa inda Turancin lauyoyi ya yi tsauri. Ku kuma ɗalibai, masu zauren WhatsApp a cikinku, ku je yau ku yi rajistar tawaga kafin wani ya sake tura fayil.