Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Adana Wasannin Waya Da Na Kwamfuta

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a taron ƙungiya na shekara-shekara



Mai girma Shugaban taro, Shugaban ƙungiyarmu da 'yan majalisarsa, Shugaban makaranta, iyayenmu malamai waɗanda suka sha wahalarmu, 'yan uwana tsofaffin ɗalibai da suka zo daga Kaikai da Kusada da Kankiya da sauran garuruwa na nesa, da ƙannenmu ɗalibai na yanzu, ina yi wa kowa barka da zuwa. Ina kuma gode wa kwamitin shirye-shirye da ya ba ni wannan dama, alhali ga manyana zaune.

Na san wasu daga cikin iyayenmu da suka ga kan maganar nan a takardar shirin taro sun ce a ransu, duk matsalolin da suka dame mu a rasa abin da za a tattauna sai gem? To, ina roƙon a yi mini uzuri na ɗan lokaci. Ba na zo in ce yara su ƙara yawan wasa ba ne, kuma wasan da ya cinye lokacin karatu ko na salla ba ni da abin da zan kāre shi da shi. Amma gaskiyar magana ita ce, abu na farko da yawancin ƙannenmu suke mallaka a cikin na'ura, wanda idan ya ɓace za su ji zafinsa har zuci, shi ne wasan nan. Yaron da ya koyi adana wasansa yau, shi ne gobe zai iya adana sakamakon jarrabawarsa da kundin digirinsa da takardun ofis. Saboda haka gara ya koyi darasin a kan abin da asararsa ba ta kashe kowa.

Abu biyu ne, ba ɗaya ba

Jama'a, abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, wasa kashi biyu ne. Akwai wasan kansa, wato abin da aka sauko da shi daga intanet ko aka tura wa mutum a shagon 'yan turi. Akwai kuma ɗan ƙaramin fayil da wasan yake rubuta inda mai wasa ya tsaya, da abin da ya tara, da matakin da ya kai. Shi ne yara suke kira sebin.

Mu da muka yi zamanin gidan gem mun ga wannan bambanci da idonmu. Na'urar PlayStation 2, wadda ta fito a shekarar 2000, wasanninta a faifai suke, faifan kuma yana iya ɗaukar gigabayit huɗu da ɗoriya. Amma sebin yana cikin wani ɗan kati ne da ake soka wa a gaban na'urar, wanda duka-duka megabayit 8 yake ɗauka. Idan faifai ya karce, sai mai gidan gem ya sayo wani a Katsina ko Kano. Idan kuwa katin ya ɓace, ƙungiyar ƙwallon da aka shekara ana ginawa ta tafi ke nan, ba kasuwar da ake sayar da ita.

Kowane manomi a nan ya san wannan hikima. Hatsin ci idan ya ƙare ana iya aunowa a kasuwa, amma irin da mutum ya zaɓa da hannunsa daga gonarsa, ya rataye a inda ɓera da ƙwari ba su kaiwa, ba a wasa da shi. Wasan shi ne hatsi, sebin shi ne iri. Asarar na farko kuɗin data ce, asarar na biyu kuwa ba ta da diyya.

Yadda abin yake salwanta

Hanyoyin asarar sanannu ne. Waya ta faɗa ruwa, ko a sace ta a kasuwa. Ta rikice a kai wa mai gyara ya yi mata filashin, wanda yake share duk abin da ke cikinta. Wuri ya cika, sai yaya ko ƙane ya goge wasan don ya sami inda zai sa fim. A ɗauke wuta daidai lokacin da kwamfuta take rubuta sebin, fayil ɗin ya lalace. Ko kuma a sayi memori na jabu, wanda aka rubuta masa gigabayit 64 a jiki alhali abin da yake iya riƙewa bai kai rabin rabin haka ba. Irin wannan memori zai karɓi duk abin da aka zuba masa ba musu, sai ranar da aka zo buɗewa a tarar da fayilolin sun zama fanko.

Asarar wasan kansa ma ba ƙaramar magana ba ce a wurin talaka. Manyan wasannin waya irin su Call of Duty Mobile sukan wuce gigabayit biyu kafin su kammala sauka, kuma a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, wato NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Yaron da ya sake sauko da wasa ɗaya sau uku, daga aljihun wa kuɗin suke fita? Daga namu ne, mu yayye da iyaye.

Adana wasan kansa

Ga mai wayar Android, tsofaffin wasanni da yawa suna zuwa da fayil biyu, ɗaya mai suna APK wanda yake girka wasan, ɗaya kuma babba da yake zama a foldar obb a cikin foldar Android. Wanda ya tura na farko ta Xender ya manta da na biyu, wasan zai buɗe amma sai ya nemi data. Sai dai a sani, tun daga Android 11 da ta fito a 2020 an tsaurara shiga wannan folda daga cikin wayar, don haka ya fi sauƙi a haɗa wayar da kwamfuta ta igiyar caji a kwafe. Bugu da ƙari, daga watan Agustan 2021 kamfanin Google ya canza tsarin da sababbin manhajoji suke shiga shagonsa na Play Store, ta yadda kowace waya take samun gutsattsarin da ya dace da ita. Shi ya sa wani lokaci wasan da aka turo daga wayar aboki yake ƙin girkuwa.

Ga mai kwamfuta da yake sayen wasa ta Steam, manhajar tana da wurin da ake umartar ta ta tattara wasan a folda guda, a kwafe a filash ko babban faifan ajiya na waje, ranar buƙata a mayar ba tare da an sake saukowa ba. Amma a kula, wannan kwafi na wasan ne kawai, galibi bai haɗa da sebin ba.

Ina kuma jan kunnen ƙannena game da wasannin da aka fasa, waɗanda ake cewa suna zuwa da kuɗi marar iyaka. Ta nan bairos yake shiga, kuma wayar da ake wasan da ita sau da yawa ita ce mai ɗauke da manhajar bankin gidan.

Adana sebin

A kwamfuta, sebin ba ya zama wuri ɗaya da wasan. Alal misali, GTA San Andreas yana ajiye nasa a cikin foldar Documents, haka ma PES 2017 a wata folda mai sunan KONAMI a cikin Documents ɗin. Waɗansu kuma suna ɓoye nasu a foldar AppData, wadda ba a ganinta sai an umarci kwamfuta ta nuna ɓoyayyun foldodi. Waɗannan fayiloli ƙanana ne ƙwarai, kwafe su ba ya cin minti ɗaya. A rufe wasan tukuna, a kwafe, a rubuta kwanan wata a sunan foldar, kuma kada sabon kwafi ya danne tsohon, domin idan na yau ya lalace a sami na makon jiya.

A waya kuwa, wasannin da ake yi ta intanet irin su Free Fire da eFootball, wanda shi ne sunan da aka sauya wa PES a 2021, sebin ɗinsu yana wurin kamfanin ne. Abin da yake haɗa mai wasa da shi shi ne akawun. Wanda ya shiga a matsayin baƙo don gudun wahalar rajista, ranar da wayar ta ɓace zai yi wuya ya iya tabbatar da cewa kayan nasa ne. Magani shi ne a ɗaure wasan da akawun na Google ko Facebook ko na kamfanin wasan tun ranar farko.

A nan ne babbar matsalarmu take. Mutum nawa ne a cikin ɗakin nan suka san imel ɗin da ke kan wayarsu da lambar sirrinsa? Da yawa mai shago ne ya buɗe musu ranar da suka sayi wayar, shi ma ya manta. Wannan kamar mutum ya gina rumbu ne ya bar mabuɗin a hannun magini. A rubuta imel da lambar sirri a takarda, a sa inda ake ajiye takardun gona da na makaranta. A tabbata layin da aka yi rajista da shi yana raye, domin layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba ana sake sayar wa wani. Kuma tun daga Disambar 2023 Google ya fara aiki da dokar da ta ba shi damar goge akawun ɗin da ya shekara biyu ba a shiga ba.

Kada a dogara da wuri ɗaya

Wani zai ce ai tunda komai yana intanet, shi ke nan. To, mu mutanen Jihar Katsina mun ga iyakar wannan magana. A watan Satumbar 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, cikinsu har da Dutsin-ma da Kurfi da Malumfashi da Funtuwa, wasu wuraren ba a maido ba sai a Disamba. Duk wanda ajiyarsa take intanet kaɗai, tana nan lafiya amma hannunsa bai kai gare ta ba. Kamfanonin ma kansu ba dawwamammu ba ne. Google ya rufe dandalinsa na wasanni mai suna Stadia a Janairun 2023, kuma a ƙarshen Maris na 2024 kamfanin Ubisoft na Faransa ya kashe wasan tseren mota The Crew, waɗanda suka saya da kuɗinsu suka wayi gari ba ya buɗuwa.

A aikin gwamnati an koya mana cewa wasiƙa ba ta fita daga ofis sai an yi mata kwafi, ɗaya ta tafi, ɗaya ta shiga fayil ɗin maganar, ɗaya kuma a ajiye daban. Masana kwamfuta ma irin wannan doka suke bi, suna kiranta 3-2-1, wato kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri ba gida ɗaya ba. A wurinmu ma'anarta mai sauƙi ce: ɗaya a waya ko kwamfuta, ɗaya a filash mai kyau, ɗaya a Google Drive, inda kowane akawun yake da gigabayit 15 kyauta. Wanda ba shi da isasshen sabis, ya ba ɗan uwansa da ke Kankiya ko Katsina ajiyar filash na biyu.

A gwada mayarwa

Maganata ta ƙarshe a kan dabara ita ce mafi muhimmanci. Ajiyar da ba a taɓa gwada mayar da ita ba, zato ce kawai. A shekarar 1998, ana tsakiyar aikin fim ɗin Toy Story 2 a kamfanin Pixar na Amurka, wani umarni da aka buga bisa kuskure ya goge kusan kashi 90 cikin ɗari na aikin. Da suka koma ga ajiyarsu sai suka tarar ta daɗe da samun matsala ba wanda ya lura. Abin da ya cece su shi ne wata ma'aikaciyarsu, Galyn Susman, wadda take aiki daga gida saboda jego, tana da kwafi a kwamfutarta. Idan haka ta sami masu na'urorin miliyoyin daloli, ina ga mai memorin da aka saya a bakin tasha?

Gwajin ba shi da wuya. A ɗauki filash ɗin a soka a wata na'urar a ga ko fayilolin suna buɗuwa. A shiga akawun a wayar ɗan uwa a ga ko wasan ya dawo da mutum inda ya tsaya, sannan a fita. Lokacin mayarwa kuma, a girka wasan tukuna, a buɗe shi sau ɗaya don ya ƙirƙiri foldarsa, a rufe, sannan a zuba sebin a ciki. A yi duk wannan kafin a kai waya gyara ko a sayar da ita, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Shawara ga ƙungiya

Mai girma Shugaba, ina da roƙo guda biyu. Na farko, ƙungiya ta sayi babban faifan ajiya guda biyu, a ɗauki hoton rajistar ɗalibai da sakamakon jarrabawa na duk shekarun da suka rage a ofishin makaranta, ɗaya ya zauna a makaranta, ɗaya a hannun sakataren ƙungiya. Gara da ɗigon ruwan damina ba su san darajar takarda ba, kuma dukkanmu mun san wani da ya sha wuya wajen neman shaidar kammala karatunsa. Na biyu, ranar 31 ga Maris ta kowace shekara, wadda ake kira ranar adana bayanai ta duniya, waɗanda suka san kwamfuta a cikinmu su zo su zauna da 'yan ajin ƙarshe na awa biyu. A fara da wasan da suke so, a ƙare da takardar JAMB da ta WAEC da lambar NIN. Ni na sa sunana a farkon jerin masu zuwa.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ba jiharmu zaman lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.