Kunun Yaye Ya Riga Allo: Yunwar Ƙuruciya da Arzikin Girma a Arewacin Zamfara



Mutanen Ɗan Isa da Ƙauran Namoda ba sa buƙatar a karanta musu tarihin yunwa. Yunwar Kakalaba ta 1914 da farin 1973 suna nan a bakin tsofaffi. Maganar yau kan yaron da yunwa ta bari da rai ce, da abin da ke shiga aljihunsa bayan shekara talatin.

A watan Yunin 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF ta auna yara sama da 97,000 a Shinkafi da Zurmi, ta tarar ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. Wannan a yankin da gyaɗarsa ta cika taragun jirgin ƙasa tun da layin dogo ya iso Ƙaura a 1929! Yau manomi na biyan 'yan bindiga kafin ya shiga gonarsa, uwa kuma na dama kunu tsararo, ta ɗura wa ɗan yaye wanda damtsensa bai fi yatsu biyu ba.

Jami'an ilimi suna cewa a kai yaron makaranta, a ciyar da shi a aji ɗaya zuwa uku, komai zai daidaita. Ciyarwar ɗalibai alheri ce, amma tana isowa a makare da shekara huɗu.

Hujjar tana Guwatemala. Daga 1969 zuwa 1977 masu bincike na cibiyar INCAP sun ɗauki ƙauyuka huɗu. Biyu aka riƙa ba su wani abin sha mai kauri da ake kira atole, mai madara da sinadarin gina jiki, kamar kunun gyaɗarmu. Sauran biyun ruwan zaƙi aka ba su. Sai aka jira. Da yaran suka zama magidanta aka bi su, John Hoddinott da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon a mujallar Lancet a 2008: mazan da suka sha atole kafin su cika shekara biyu, ladan aikinsu na kowace sa'a ya ƙaru da kusan kashi 46 cikin ɗari. Matan kuwa sun ƙara fiye da aji guda a makaranta, kuma maza da mata sun fi fahimtar karatu. A lura da kyau: abincin ne ya sa makarantar ta yi amfani. Waɗanda suka fara sha bayan shekara uku ba a ga wannan riba a ladansu ba.

Habasha ma ta nuna haka. Stefan Dercon da Catherine Porter sun gano cewa yaran da yunwar 1984 ta riska suna tsakanin shekara ɗaya da uku sun girma da gibin tsawo na aƙalla santimita 5.

Don haka gwamnatin Zamfara ta ware kuɗi na dindindin don masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara biyu, a sayi gero da waken suya da gyaɗa daga manoman yankin, a raba ta asibitocin mazaɓu. A tsare hanyoyin gona, a buɗe makarantun da tsoro ya rufe. Malaman Jami'ar Tarayya ta Gusau da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙaura kuma su fita su nemo waɗanda aka yaye a 1973, suka shiga firamare a zamanin shirin ilimin firamare ga kowa (UPE). Sun haura hamsin yanzu, suna kasuwannin Shinkafi da Ƙaura, kuma za a iya auna tsawonsu, a tambayi ajin da suka tsaya da abin da suke samu a shekara.