Kayan Aiki da Horon Ikkilisiya: Jawabi a Taron Dattawa da Shugabannin Zumunta



An roƙe ni in yi magana a kan tufafin 'ya'yanmu masu aiki, domin ƙararraki sun yi yawa a gaban dattawa. A wasu ikkilisiyoyinmu an tsayar da 'yan mata daga ƙungiyar mawaƙa, har da hana su Jibin Ubangiji, saboda an gan su da wando a wurin aiki. Waɗansunsu sun daina zuwa sujada, kuma ba mu da yawan da za mu riƙa zubarwa haka.

Tun 1973 ake bautar ƙasa, kuma kakin da hukuma take rabawa mata wando ne. Yarinyar da muka tara kuɗi muka tura jami'a, muka yi mata addu'a a wannan bagadi, ba ita ta ɗinka shi ba. Haka ma'aikatan kiyaye haɗura, da masu aiki a gaban injin da zai iya fizgar bakin zane. Dokokin ma suna canzawa: a 2022 rundunar 'yan sanda ta yarda mata su ɗaura kallabi a ƙarƙashin hula, su kuma sa ƙananan 'yan kunne. Abin da ofis yake juyawa daga shekara zuwa shekara, bai kamata mu ɗora ceton mutum a kansa ba.

Na san ayar da ake kawowa, Maimaitawar Shari'a 22:5. Amma a zamanin Musa maza da mata duk doguwar riga suke sawa, bambancin yana wurin ɗinki da ado. Abin da aka hana shi ne mace ta mai da kanta namiji, ko namiji ya mai da kansa mace. In ba haka ba, me za mu ce da dattijon Tibi da ya ɗaura zane ya zo sujada? Ko 'yar'uwa Kirista a Pakistan, inda wando tufafin mata ne?

Samari ma suna shan nasu. Yaro ya tara gashi ya murɗe, sai a ce ɗan ƙwaya ne, alhali da kwamfuta yake ciyar da uwarsa. Cikin koke-koken matasa a zanga-zangar Oktoba 2020 akwai wannan, cewa ana tare su a hanya saboda gashi da waya. Yakubu sura 2 ta tsawata wa masu raba wurin zama bisa ga tufafi, kuma mu da ake yi wa hukunci da jin sunanmu kawai, mun san zafinsa.

Ban ce kowa ya sa abin da ya ga dama ba. Manzo Bulus ya koyar da kunya da kamewa a 1 Timoti 2, kuma muna zaune cikin maƙwabta masu lura da shigarmu. 'Yata, in kin taso daga aiki za ki ratsa unguwa, yafa gyale ba zai rage miki komai ba. Matsattsun kaya masu nuna tsiraici kuwa, ko siket ne ko wando, uwayen zumunta su ja yarinya gefe su yi mata faɗa, ba a kan bagadi ba.

Roƙona ga dattawa shi ne, duk wadda aka sa a horo saboda kayan aikinta kaɗai, a sake duba maganarta kafin Jibin Ubangiji mai zuwa, kuma dattijo biyu su je gidansu da ƙafarsu.