Tsakanin ɗari da damana: mu tsare wuta, mu jira ruwan shibka

   

Yau zancenmu a kan lokaci ne. Ɗari shina ƙarewa, bazara ta kusa, damana kuwa da saura. Wanga tsakani wata uku ne: Maris, Afirilu da Mayu. Cikin watannin nan uku mutum kan yi hasarar abu biyu. Na farko, hatsin da ya riga ya tara cikin rumbu, in gobara ta ci shi. Na biyu, irin da ya aje don bana, in ya zuba shi ƙasa tun lokaci bai yi ba. Wanda ya rasa ɗayansu ya san wuyar shekara.

Mi za mu gani cikin watannin nan?

Mu fara da ɗari. A Nijar akwai wuraren da ruwa ke daskarewa da dare cikin watan Janairu, kamar Bilma da bisa duwatsun Ayir, can arewa. Nan Gaya ba mu san haka ba. Ɗarinmu na dare ne da asuba, musamman ga masu kwana bakin gulbi ko cikin fadama. Farkon Maris ana iya samun sauran hazo da sanyin asuba na ƴan kwanaki. Amma da hantsi ya yi, rana ta ɗauki zafi. Cikin Afirilu awon zafi shina kai digiri 40, har shi wuce. A Afirilun 2024 zafi ya wuce digiri 48 a garin Kayes na ƙasar Mali.

Mi ya sa lokaci ke juyawa haka? Iska biyu ke garemu. Ta farko tana fitowa daga hamada, tsakanin gabas da arewa. Busassa ce, ita ke kawo hazo da tsagewar leɓe. Ta biyu tana tasowa daga teku, wajen Kwatano, tsakanin kudu da yamma. Ita ke ɗauke da laima. Iskokin nan biyu suna ture juna. Sannu-sannu ta teku tana tura ta hamada zuwa arewa. Inda ta teku ta zauna da ƙarfi, nan ake samun damana.

Shi ya sa ruwa ke sauka a kudancin Benin tun muna cikin ƙura. Shi ya sa kuma Gaya kan riga Doso da Yamai samun ruwa. Ƙasarmu ita ta fi ko'ina ruwan sama a Nijar: wajen milimita 800 a shekara. Yamai ba ta cika kai 600 ba. Agadas ba ta kai 200 ba. Mun gode Allah. Amma yawan ruwa bai hana gobara, bai kuma hana ruwan yaudara.

Wuta

Inda ruwa ya yawaita, nan haki ke yawa. Yanzu hakin nan duk ya bushe ƙayau. Karan dawa ya bushe, zana ta bushe, jinkar ɗaki ta bushe. Iska ba ta da laima ko kaɗan, ga ta kuma da ƙarfi daga hantsi zuwa azahar. Ƙwayar garwashi guda ta isa.

Lokacin da nike karantarwa a wani ƙauye, na ga abin da ba ni mancewa. Da safe an hura wuta cikin ɗaki don jin ɗumi. Rana ta yi, kowa ya tafi sabgarshi, ba a kashe ta ba. Iska ta taso. Kafin mata su kawo ruwa daga rijiya, gida huɗu sun ƙone da rumbunansu. Ba wanda ya mutu, alhamdu lillahi. Amma wani dattijo ya tsaya gaban tokar rumbunshi, bai ce uffan ba. Cikin rumbun nan har da irinshi na shibka. Shekarar nan sai da ya yi ƙodago a gonar wasu.

Daga ina gobara ke tasowa? Kun san su: wutar jin ɗumi da anka bari, tokar murhu da anka zubar gindin darni da sauran garwashi, guntun taba, yara masu farautar gafiya, masu ɗibar zuma da dare, da masu ƙone sassabe ranar iska. Akwai kuma wani abu da ya shafe mu, mu mazauna bakin iyaka. Gidaje da dama suna aje man fetur cikin jarka da kwalabe don saidawa. Man fetur bai jiran wuta ta taɓa shi. Tururinshi kaɗai shina kamawa, balle cikin zafin bazara.

Gobarar daji kuwa ba haki kaɗai take ci ba. Tana cinye abincin bisashe daidai lokacin da suka fi bukatarshi. Tana kashe ƙananan itatuwa cikin dajin Goru Basunga. Tana kashe ƴan giginya cikin Dallol Mauri, ga shi giginya tana shekaru da yawa kafin ta girma. Tana bar ma ruwan farko ƙasa tsirara, shi kwashe ta zuwa gulbi. Dokar daji ta shekarar 2004 ta tanadi horo ga mai sa ma daji wuta.

Ga abin da ya kamata kowane gari shi yi tun yanzu:

1. A share haki da kara kewaye da rumbuna, a bar fili tas.
2. A share hanya mai faɗi kewaye da gari da wurin kiwo, don wuta in ta zo ta rasa abin ci.
3. Kada a zubar da toka sai an yayyafa mata ruwa.
4. Man fetur shi zauna cikin inuwa, nesa da murhu da ɗakin kwana. In ya kama, a zuba rairayi, ba ruwa ba.
5. Mai ƙone sassabe shi tara shi tsibi-tsibi, shi ƙone da maraice in iska ta kwanta. Kada shi tafi sai wuta ta mutu.
6. A raba iri wuri biyu. Kada a aje shi duka cikin rumbu guda.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Maigari da matasa su sa ranar gayya cikin makon nan.

Ruwa

Yanzu mu zo ga ruwa. Cikin Maris ko Afirilu hadari kan haɗu wata rana, a yi ruwa, ƙasa ta yi ƙamshi. Zuciyar manomi ta motsa. To, a yi hattara. Sau da yawa wanga ruwa ba damana ba ne. Iskar teku ce ta leƙo, ta hamada ta sake kore ta. Bayanshi ana iya yin mako uku ko huɗu ba ɗigo. Hatsi shi tsiro, rana ta ƙone shi. Manomi shi sake shibka, wani lokaci har sau uku. Iri ya ƙare, ƙarfi ya ƙare, sai a shiga bashi.

A ƙasar Gaya damana ta gaskiya takan zauna cikin watan Mayu, wata shekara sai Yuni. Yaya za mu gane ruwan shibka? Masanan aikin gona sun ba da awo: ruwa shi kai milimita 20, ko a rana guda, ko cikin kwana biyu zuwa uku a jere. Kuma kada dogon fari shi biyo baya.

Mi ake nufi da milimita? Ku auna fili mai mita guda tsawo, mita guda faɗi. In kun zuba lita guda ta ruwa a kai, milimita guda ke nan. Milimita 20 lita 20 ce a kan wanga ɗan fili, wato jarka guda cike. Ku duba, yayyafi bai kai haka ba.

Garin da ke da ma'aunin ruwa, a je a karanta lambar da safe. Nan karatunku ke da amfani. Garin da babu, a gina rami cikin gona. In laima ta kai kamar taƙi guda, ruwa ya shiga. In yatsa biyu ko uku ne kawai, a dakata.

Masu binne, ku ma ku lura. Ƙaramin ruwa shina tada irin da anka binne, amma bai iya riƙe shi. Kada ku binne irinku duka. Ku aje rabi.

Iyayenmu suna da alamunsu. Suna duban zuwan shamuwa, da juyawar iska, da sabon ganyen itatuwa. Ba mu yada wanga sani. Amma mu haɗa shi da labarin ma'aikatan meteyo. Bayan babban farin 1973 ƙasashen Sahel sunka kafa cibiyar Agrimet a Yamai cikin 1974, don bin sawun ruwa da amfanin gona. Kowace shekara, wajen ƙarshen Afirilu, masanan ƙasashenmu suna taruwa su ba da hasashen damana. Suna faɗin ko ruwa zai yi yawa ko kaɗan, ko zai fara da wuri ko a makare, ko kuma akwai tsoron dogon fari bayan shibka. Ma'aikatar meteyo ta ƙasa tana kuma ba da labarin kowace rana. Ana jin shi a rediyo, ana samun shi ga malaman gona.

Amma ku fahimci maganarsu da kyau. In sunka ce akwai yiwuwar ruwa, ba alkawari sunka yi ba. Ana iya yin ruwa a Tanda, Bana ba ta samu ba. Ana iya yin shi a Kamba ko Malanbil, Tunuga da Bengu suna kallon hadari. Saboda haka kowane gari shi duba ƙasarshi. Kada ka shibka don ka ji an shibka a Yelu. Ruwa na Allah ne, shi ke saukar da shi inda ya so. Namu shi ne lura da shiri.

Abu guda kuma. Hadarin farko shina zuwa da guguwa mai ƙarfi kafin ruwa. Tana yaye jinka, tana kuma watsa garwashi. Da kun ga gabas ta yi baƙi, ku kashe wutar murhu. Kun gani ke nan, zancen wuta da zancen ruwa tafiyarsu ɗaya.

Aikin ɗalibai

Ku da kuka iya rubutu, ga aiki. Kowace makaranta ta sami littafi guda. A rubuta ranar kowane ruwa, da yawanshi, da ranar da anka yi shibka, da abin da ya biyo baya. Shekara uku ko huɗu, garinku zai sami sanin kanshi a rubuce.

Kafin ku watse yau, ku tattauna tambayoyin nan da malaminku:

Bara sau nawa kunka yi shibka kafin ta kama?
Mi ya tada gobara ta ƙarshe a garinku?
Wace rana za ku share gindin rumbuna?

Wanda ya iya karatu shi karanta ma wanda bai iya ba tukuna. Allah shi tsare mu da gobara, shi ba mu damana mai albarka.