Ƙunar Da Ba Ta Wuta Ba



Abin da ya tsayar da mu gabanku yau shi ne wata ƙuna da ta addabi ɗakunan kwananmu a ƙarshen damina. Mutum zai kwanta lafiya lau, gari na wayewa sai ya ga dogon zane a wuyansa ko kumatunsa, sai ka ce an ɗana masa dutsen guga. Kafin kwana biyu wurin ya yi ƙuraje masu ruwa, ga raɗaɗi. Ba wanda ya ga wuta, ba wanda ya ji cizo. Wasu suka ce rana ce, wasu suka ce ruwan wanka, wasu kuwa suka ɗora wa iskoki. Abin da ya fi ɓata mana rai shi ne, wata 'yar'uwarmu ta zargi abokiyar ɗakinta da zuba mata wani abu a fuska, har suka daina gaisawa. Zato zunubi. Wannan ne ya sa muka bi diddigin al'amarin.

Batun rana dai ba shi da ƙarfi. A cikinta muka girma, iyayenmu kuma a cikinta suke yini a gonakin Auyo da Guri da Kirikasamma. Daɗin daɗawa, ƙunar takan fito a lanƙwasar hannu ko bayan gwiwa, inda rana ba ta kaiwa.

Da muka duba ƙarƙashin fitilunmu da dare, sai muka tarar da mai laifin. Wani ɗan ƙwaro ne siriri, tsawonsa milimita 7 zuwa 10, wanda ya yi kama da tururuwa: kansa baƙi, ƙirjinsa ja, ƙarshen jikinsa baƙi. Masana suna kiransa Paederus. A Kenya, inda ya ɓarke a 1998 bayan ruwan sama mai yawa, ƙudan Nairobi suke ce masa. A kudancin Nijeriya ɗalibai sun raɗa masa suna siket da bulawus saboda launinsa biyu, kuma tun 1990 likitoci suka buga rahoton ɓarkewarsa a can.

Abin mamaki, ba ya cizo, ba ya harbi. Dafinsa, watau federin, a cikin ruwan jikinsa yake, wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a cikinsa ne suke haɗa shi. Sai ya sauka a wuyanka kana barci, ka kai hannu ka murje shi, ka ja hannun a kan fata. Wannan jan hannun shi ne dogon zanen da kake gani. Dafin ba ya nuna kansa sai bayan sa'o'i 12 zuwa 36, lokacin da ka riga ka manta da ƙwaron. Idan a lanƙwasar hannu ne, sai fata ta shafa wa fata, ƙuna biyu su fito suna fuskantar juna. Idan kuwa ka sosa ido da wannan hannun, sai idon ya kumbura ya yi ja. Ashe da hannunmu muke ƙona kanmu.

Me ya sa ƙasarmu? Ƙwaron nan a ƙasa mai danshi yake hayayyafa, a bakin kogi da gonakin shinkafa. Mu kuwa fadamar Kogin Haɗejiya ta kewaye mu har zuwa Nguru. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa na biyo kogin har da rani, ana noman ban-ruwa. Ga kuma ambaliya irin ta 2020 da 2022. Idan aka yanke shinkafa, sai ƙwarin su rasa mafaka, su bi haske, musamman farar fitila. Ina aka fi kunna fitila har asuba? Ɗakin ɗalibi mai jarrabawa. Amma kada mu ce a feshe gonaki, domin a gona abokin manomi ne, yana cinye ƙananan ƙwarin da ke shanye ruwan shinkafa.

Sai dai ba kowace ƙuna ce tasa ba. Hangara, wadda ke cin gero lokacin bununi, ita ma ruwan jikinta na tayar da bororo. Wasu magunguna, irin su dangin tetarasaikilin, sukan sa fata ta kasa jure rana. Haka ruwan lemon tsami idan ya bushe a fata rana ta buge shi, haka kuma man bilicin da ke sa fata ta yi rauni. Akwai kuma felagira, cutar rashin sinadarin niyasin, wadda takan kama mai dogara da masara kaɗai. Ita takan fito daidai wa daida a bayan hannuwa biyu da kewayen wuya, sau da yawa tare da gudawa. Gyaɗa da wake da kifinmu na Haɗejiya su ne garkuwa daga gare ta. Saboda haka ƙunar da ta fito a ɓangarori biyu, ko ta ƙi warkewa, sai a kai wa likita.

To, mene ne abin yi? In ƙwaron ya sauka a jikinka, hure shi, ko ka sa takarda ka kawar da shi. In ka riga ka murje, maza ka wanke wurin da hannunka da sabulu da ruwa mai yawa, kada ka taɓa ido. Kada a fasa ƙurajen, kada a shafa toka ko man goge baki. Galibi yakan warke cikin mako biyu zuwa uku, ya bar baƙin tabo da ke dusashewa a hankali. Wanda abin ya shiga idonsa, ko wurin ya yi mugunya, ya nufi asibiti ranar. Mu kakkaɓe shimfiɗa, mu kwana cikin gidan sauro, mu kashe fitilar da ke saman gado.

Ku kuma yayyenmu ma'aikata, gobe takardun gina makarantu da asibitoci za su biyo ta teburinku. Roƙonmu shi ne a sa wa tagogi raga, a nisanta manyan fitilu daga ƙofofin ɗakunan kwana, a kuma sanar da sababbin ɗalibai tun ranar da suka iso. Kuɗin ragar taga bai kai asarar jarrabawar ɗalibi guda ba.

'Yan'uwan nan namu biyu, da aka nuna musu ƙwaron cikin kwalba, wadda ta yi zargi ta nemi gafara, sun kuma shirya. Tabon fuskarta ya kusa ɓacewa. Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, ya tsare mu da zargin juna.