Hawa rufin maƙwabci kafin ruwa ya sauka



An nemi in yi magana a kan aikin sa-kai, na kuwa zaɓi wanda ba a cika yi masa kirari ba, wato gyaran gidan wanda ya kasa gyara nasa. Akwai talaucin da ba ya fitowa titi. Tsohuwa ce, gidan nata ne halak malak, amma ba ta iya hawa tsani, ba ta da kuɗin kiran kafinta. Kwano ɗaya ya ɗage, ta ajiye roba tana tarar ruwa. Baɗi silin ya rufto, katako ya ruɓe, gyaran da ƙusa goma za su yi ya koma sai an sake rufi.

Bari mu leƙa Amurka. A shekarar 1969 wani limamin cocin Methodist mai suna Glenn Evans ya tara matasa da manya kusan 50 a garin Barbourville na jihar Kentucky, cikin duwatsun Appalachia, inda arzikin haƙar kwal ya ja da baya ya bar mutane a gidajen katako masu yoyo. Gidaje 4 suka gyara a wannan karon. Daga nan ƙungiyar Appalachia Service Project ta samo asali, kuma a yau dubban mutane ne ke zuwa duk shekara su yi mako guda suna aiki. Su ke biyan kuɗin zuwansu, sau da yawa a daɓen makarantu suke kwana. Abin da ya fi burge ni shi ne tsarin. Kafin ɗan sa-kai ya ɗauki guduma, ma'aikatan ƙungiyar sun riga sun duba gidan, sun san abin da za a yi, kuma ayarin wannan mako yana ɗorawa ne daga inda na makon jiya ya tsaya.

Sai kuma batun sanyi. Bayan takunkumin man fetur na 1973, kuɗin ɗumama ɗaki ya gagari talaka, har majalisar Amurka ta kafa shirin kare gidaje daga sanyi a 1976, wanda ya taɓa gidaje sama da miliyan 7 zuwa yanzu. Da farko leda ake bugawa a taga, a liƙe tsagar ƙofa. Daga baya aka gane cewa ɗumin yana sulalewa ne ta inda ido bai gani. Yanzu sai a rufe tagogi, a kafa wata babbar fanka a bakin ƙofa tana zuƙe iskar gidan. Iskar waje sai ta riƙa kutsowa ta kowace kafa. Ma'aikaci ya bi bango da ɗan hayaƙi a hannu, inda hayaƙin ya karkata nan ɓarakar take, ko bayan makunnin lantarki, ko inda bututu ya ratsa silin.

A nan nake so ɗalibai su kasa kunne. Gidan da aka toshe ƙam yana riƙe danshi, yana kuma riƙe iskar nan mai guba da ke fita daga murhu, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Saboda haka sai ma'aikatan sun gwada murhu da mafitar hayaƙi kafin aiki da bayansa. Mu ma mun san wannan masifa: hunturu ya kankama, a shigar da kasko ɗaki, a toshe taga da tsumma, da safe a tarar da iyali ba sa motsi. Matashi mai kyakkyawar niyya, in ba gwani a kansa, yana iya yin ɓarna da sunan taimako.

Gayya ba baƙuwarmu ba ce. Iyayenmu sun san cewa soro yana son yaɓe kafin damina, a duba azara ko gara ta ci, a share indararo, a shafe bango da makuba. Abin da ya ɓace mana shi ne lokaci. Yanzu ƙungiyoyinmu sai katanga ta faɗa wa yara a watan Agusta suke fitowa da tabarmi da buhun shinkafa, ana ɗaukar hoto. Wannan yana ci mini rai, domin tsagewar katangar tun watan Maris kowa ke wuce ta.

Ga abin da nake roƙon ƙungiyoyin matasan da ke zauren nan. Da bazara ku je wurin mai unguwa da liman, su suka san gidan da babu mai hawa rufi. Ku sami magini ɗaya da kafinta ɗaya su zaga su faɗi abin da ya fi gaggawa, ku biya su haƙƙinsu, sauran aikin kwaɓa ƙasa da miƙa kwano naku ne. Ku nemi izinin mai gida tukuna, ku bar wayoyinku a aljihu, domin tsohuwar da ta yarda kuka ga ɗakinta ba ta yarda duniya ta gani ba. Bayan ruwan farko kuma, wani daga cikinku ya koma ya duba ko har yanzu akwai yoyo.