Ɗakinta, Makullinta: Jawabi Ga Mata Kan Matsugunin Tsofaffinmu



Iyayena mata, yayyena da ƙannena na Gagarawa Tasha, da 'yan'uwanmu na Gumel, Maigatari da Sule Tankarkar da ke cikin wannan zaure, barkanku da warhaka. Wannan shi ne bayanin da na yi a zamanmu, an ce in rubuto saboda waɗanda ba su samu zuwa ba. Ku yi haƙuri da tsawonsa, ku karanta har ƙarshe, wadda ba ta karatu a karanta mata.

Akwai wata gwaggona, ba zan kama suna ba. Mijinta ya rasu, aka raba gado, tumuni ya faɗo musu ita da kishiyarta, abin bai taka kara ya karya ba. 'Ya'yan miji suka bar mata ɗakinta, Allah ya saka musu. 'Yarta ɗaya tak, tana aure a Gumel. Ta yi ta roƙo, "Inna ki dawo wurina." Gwaggo ta ce ita da zama gidan suruki sai dai a kai gawarta. Kun san wannan kunyar, ba sai na yi bayani ba. Da daminar bara ta fita kewayawa cikin dare, santsi ya ɗebe ta, ƙugu ya goce. Tana nan kwance a ƙasa har aka yi kiran assalatu, sannan wata maƙwabciya ta ji nishinta. Da muka je asibiti dubiya, ba ta tambaye ni komai ba sai, "Wa ke ba awakina ruwa?"

Tambayar nan ta tsaya mini a rai. Tsohuwa ba kwanon tuwo kaɗai take nema ba. Tana son ɗakinta, murhunta, 'yan dabbobinta, ta rufe ƙofarta lokacin da ta ga dama. Amma kuma jiki ya ƙi, tana buƙatar wani kusa wanda zai ji ta in ta yi kira. Mu kuwa abu biyu muka sani: ko ta zauna ita kaɗai, ko a ɗauke ta a kai ta inda za ta zama 'yar kallo.

Akwai hanya ta uku. A Ingila suna gina gidaje inda kowane tsoho ke da nasa sashe da makullinsa, yana girkinsa in yana iyawa, baƙinsa na zuwa, amma a cikin harabar akwai ma'aikata dare da rana, in ya danna ƙararrawa su zo. Kar wata ta ce ai wannan na Turawa ne. A Makka da Madina da Jidda akwai gidajen wakafi da ake kira ribaɗi, masu hali suka gina tun da daɗewa, ana ba gajiyayyu da matan da mazansu suka rasu ɗaki su zauna. Nan Kano ma ga gidan gajiyayyu na Shahuci. Sai dai ni abin da nake nema mana ya bambanta da gidan gajiyayyu, don sunan ma kaɗai ya isa ya sa tsohuwa mai mutunci ta ce ba za ta ba.

Ga yadda nake hango shi. Fili a cikin gari, kusa da asibitin mazaɓa, ba bayan gari ba inda ba mai leƙawa. Ɗakuna kamar goma na bulo, kowanne da ƙofarsa da 'yar rumfarsa. Ba dakali mai tsawo a bakin ƙofa. Makewayi kusa, mai abin zama da ƙarfen dafawa, domin tsuguno shi ne ke kayar da tsofaffinmu. Famfo mai sola, fitila a tsakar gida, bishiyar darbejiya don zafin bazara. Mace ɗaya mai kula da ke kwana a nan, ma'aikaciyar lafiya kuma ta riƙa shigowa tana awon jini da suga, tana duba wa ta sha magani, wa ta manta. Mai daddawa ta ci gaba da daddawarta, mai saƙar faifai ta yi abinta. Jikoki su zo su kwana, a yi tatsuniya. Ranar biki ko suna ta kulle ɗakinta ta tafi, ba sai ta nemi izinin kowa ba.

A wurin zama Hajiya ɗaya ta tashi ta ce, "Ba ki ganin wannan zai buɗe wa 'ya'ya ƙofar zubar da iyayensu?" Gaskiyarta, ni ma na ji tsoron haka. Shi ya sa dole a sa sharaɗi. Wanda ke da hali, uwarsa wajibinsa ce, ba gwamnati ba ce za ta sauke masa. Amma ku faɗa mini, wadda ba ta taɓa haihuwa ba fa? Wadda ta haifa suka koma? Wadda ɗanta ke ci-rani a Legas, sai shekara-shekara, shi ma da ƙyar yake ci? Suna nan a kowace unguwa, mun san su. Wata ma saboda zaman kaɗaici da ɗan ruɗewar tsufa har a fara yi mata ƙus-ƙus ana cewa mayya ce. Wa'iyazubillahi. Kuma ba a kai kowa dole. Wadda ta ce ɗakin mijinta za ta mutu, a gyara mata ɗakin, a riƙa zagayo ta. Wannan ma ya fi sauƙin kuɗi, da shi ya kamata a fara.

To ina kuɗin? Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A 2007 aka fara biyan masu buƙata ta musamman alawus, a lokacin naira 7,000 a wata. A 2024 kuma aka fito da na tsofaffi, mutum 5,740 a mazaɓu 287, wato 20 a kowace mazaɓa, su ma naira 7,000. Gagarawa mazaɓunmu 10, ku lissafa, mutum 200 ke nan. Mun gode, amma kowace mai zuwa cefane ta san inda kuɗin nan ke tsayawa, kuma kuɗi ba ya ɗaga wadda ta faɗi cikin dare. A tarayya akwai Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, an sa hannu a dokarta a 2018, ta fara aiki a 2021. Akwai kwamitin zakka na masarauta, akwai attajiranmu na riɗi da zoɓo da 'yan kasuwar dabbobi ta Maigatari da za a iya zuwa musu da maganar wakafi.

Gini ba shi ne ke ba ni tsoro ba. Ɗan siyasa na son gini, don ana yanka ƙyalle a ɗauki hoto. Albashin mai kula, gyaran famfo, maganin hawan jini wata bayan wata, nan ake gudu. Saboda haka abin da za mu nema a wurin shugaban ƙaramar hukuma da kansiloli da ɗan majalisarmu shi ne a sa shi cikin kasafi, a rubuce. Mu ne ke cika layi ranar zaɓe, tsofaffin nan ma da sandarsu muke riƙo su zuwa rumfa. In ɗan takara ya zo da atamfa da sabulu, a karɓa a yi godiya, sannan a miƙa masa takardarmu.

Amma ba za mu je da baki kawai ba. Kowace shugabar mata ta mazaɓa ta ɗauki mata biyu, ku bi unguwa-unguwa, ku fara gaida mai unguwa ku sanar da shi. Ku rubuto tsofaffin da ke kwana su kaɗai, maza da mata: wa ke kai musu abinci, yaya ɗakin yake, yana yoyo ko ya tsage, akwai ciwon da ake shan magani. Kar a tambayi katin jam'iyya, kar a tambayi wa ta zaɓa. Ku shiga da sallama, ku durƙusa ku gaishe su, ku tambaye su su kansu me suke so.

Roƙona na ƙarshe, don Allah kar wadda ta ɗauki hoton tsohuwa ta turo cikin guruf, kar a sa suna a nan. A rubuta a takarda a kawo hannu da hannu. Mun ba kanmu mako biyu. Ban da Alhamis saboda masu zuwa kasuwar Maigatari, za mu haɗu ranar Asabar bayan la'asar. Wadda ba ta da kuɗin mota ta yi mini magana ta gefe.

Wassalamu alaikum. A tura wa sauran 'yan'uwa.